Iya Ruwa Fid da Kai: Ina 'Ya'yanmu Za Su Koyi Iyo a Legas?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato rashin wurin da ɗan talaka zai koyi iyo a Legas, garin da teku ta tokare ta kudu, tafki ya ratsa tsakiyarsa, magudanai kuma suka bi kusan kowace unguwa.

Ni mutumin ƙasar Yawuri ne, a bakin kogin Kwara na tashi, kuma ban san ranar da na koyi iyo ba, kamar yadda ban san ranar da na koyi tafiya ba. Yau shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina koyarwa a Agege. Kwanakin baya na tambayi ɗalibaina ko su wane ne suka iya ruwa, hannayen da suka tashi ba su cika yatsun hannu guda ba. Abin da ya sa na yi tambayar shi ne, washegarin ƙaramar sallar da ta wuce, ɗan maƙwabcina, yaro mai shekara 16 da ya kusa sauke Alƙur'ani, ya bi abokansa yawon sallah bakin teku. Ruwa bai wuce ƙugunsa ba sa'ad da igiyar ruwa ta ja shi, abokan nasa suna tsaye suna ihu, babu ko ɗaya a cikinsu da zai iya shiga. Sai bayan kwana biyu aka sami gawarsa. A wurin zaman makoki kowa yana cewa kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, babu mai wuce ajalinsa. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya umurce mu da riƙo da sababi, kuma malamanmu sun sha ambaton maganar da aka ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Tun daga ranar na shiga bin tarihin yadda wasu al'ummomi suka magance wannan matsala, kuma abin da na gano shi nake so in gabatar wa masu karatu.

Gina kwamin ruwa domin amfanin jama'a tsohon abu ne. A kufan Mohenjo-daro da ke ƙasar Pakistan ta yau, an tono wani kwami da aka gina da jan bulo aka liƙe da kwalta wajen shekara 4,500 da suka wuce, tsawonsa kusan mita 12, faɗinsa mita 7, ko da yake masana sun fi karkata ga cewa na wankan ibada ne. Rumawa ma sun gina manyan gidajen wanka masu ɗauke da wurin iyo. Sai dai wurin ninkaya irin wanda hukuma ke ginawa da kuɗin jama'a, talaka ya biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya shiga, a Ingila ya kafu, kuma dauɗa da annoba ne suka haife shi. Da masana'antu suka jawo mutanen karkara zuwa birane, sai leburori suka cunkushe a gidajen da babu famfo babu makewayi, irin cunkoson da duk wanda ya san bayan kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago ba sai an kwatanta masa ba. A 1828 hukumar birnin Liverpool ta buɗe gidan wanka na St George, wanda ake cika shi da ruwan gishiri. A 1832 kwalara ta afka wa birnin, wata mata talaka mai suna Kitty Wilkinson ta buɗe wa maƙwabta tukunyar tafasa ruwanta domin su wanke tufafi da shimfiɗun marasa lafiya, abin da ya zaburar da hukuma ta buɗe gidan wanka da wanki na jama'a a 1842. A 1846 majalisar dokokin Birtaniya ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi ikon gina irin waɗannan wurare da kuɗin haraji. Mutanen da suka shiga domin su wanke jiki su ne suka fara koyon iyo, waɗanda suka koya suka fara tsere a junansu, daga tseren ƙungiyoyi suka fito, har a 1869 ƙungiyoyin Landan suka haɗu suka kafa hukumar da daga baya ta zama mai kula da ninkaya a Ingila baki ɗaya. Tsafta da ceton rai ne suka zo da farko, gasa ta biyo baya, kuma a ganina mu a nan mun juya abin a baibai, domin ba ma tuna ninkaya sai an zo gasar wasanni ta ƙasa.

Akwai wata magana da nake ji a bakin mutanenmu, har da masu ilimi, cewa iyo wasan Turawa ne, wai jikin baƙin mutum nauyi gare shi. Wannan magana ba ta da tushe. Turawan da suka riƙa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma ƙarnoni da suka wuce sun rubuta mamakin yadda mutanen gaɓar ke iyo da nutso, a zamanin da yawancin ma'aikatan jiragensu ba su iya ruwa ba. Salon da ya fi kowane sauri a yau, wanda ake jefa hannu ta sama ɗaya bayan ɗaya ana kaɗa ƙafa, daga wajen Turai ya zo. A 1844 wasu mutum biyu daga 'yan asalin Amurka ta Arewa sun nuna shi a Landan, Ingilishi suka ga saurinsa amma suka raina shi, suka ce hauka ne da fantsama ruwa, suka ci gaba da iyonsu irin na kwaɗo. Sai bayan shekaru masu yawa, da wani Baturen Ingila mai suna John Trudgen ya kwaikwayo wani nau'insa daga Amurka ta Kudu, kuma wani yaro ɗan tsibiran Solomon mai suna Alick Wickham ya nuna shi a Ostareliya, sannan aka karɓe shi. Duk wanda ya taɓa zuwa bikin kamun kifi na Argungu ya ga kabanci a Matan Fada, inda ake tseren iyo da na kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, ko ya ga rigata, wato bikin tseren kwale-kwale, a Yawuri, ko ya leƙa Makoko ya ga yaran ƙabilar Egun suna tsalle daga kwale-kwale tun ba su iya magana sosai ba, ya san ba mu da matsala da ruwa. Wanda ya rasa iyo shi ne ɗan birni, wanda aka raba shi da gulbi ba a ba shi madadinsa ba.

Wannan rabuwa ce wani bawan Allah ya hango a nan Legas kusan shekara ɗari da suka wuce. Dokta John Randle, likita haifaffen Saliyo wanda ya yi karatu a Edinbura ya zauna a Legas, ya nemi gwamnatin mulkin mallaka ta gina wa 'yan ƙasa wurin koyon iyo, domin ruwa yana cin matasa alhali Turawa suna da wuraren shaƙatawarsu da ba a barin baƙar fata ya shiga. Da aka ƙi, sai ya ɗauki nauyin abin da dukiyarsa, aka samar da wurin ninkaya na jama'a a Onikan a 1928, shekarar da ya rasu. Wurin ya yi zamani, ya lalace, sai a 'yan shekarun nan aka farfaɗo da shi a cikin cibiyar tarihi da al'adun Yarabawa da ke ɗauke da sunansa. Ina yawan tuna wannan likita idan na ga yadda attajiranmu ke gasar gina masallatai a layi guda. Gina masallaci alheri ne babba, ba na musun haka, amma ban ga dalilin da zai hana a ƙirga wurin da zai hana ruwa cin yaran Musulmi a cikin sadaka mai gudana ba.

Amurka ta nuna wa duniya abin da ke faruwa idan aka hana wata al'umma shiga ruwa. Biranenta sun gina dubban wuraren ninkaya na jama'a a farkon ƙarni na 20, amma a wurare da yawa an hana baƙaƙen fata shiga. A 1949 tarzoma ta ɓarke a birnin St Louis ranar da aka bar yaran baƙaƙe suka shiga kwamin wani lambun gwamnati. A watan Yunin 1964, a garin St Augustine na jihar Fulorida, manajan wani otel ya zuba asid a ruwa domin ya kori baƙaƙe da farare masu zanga-zangar da suka shiga tare. Birnin Jackson na jihar Misisifi ya gwammace ya rufe wuraren ninkayarsa da ya buɗe su ga kowa, kuma a 1971 kotun ƙolin ƙasar ta ce bai karya doka ba. Masu hali suka koma gina nasu a bayan gida da kulob-kulob, talaka ya rasa. Uban da bai iya ruwa ba yakan tsorata ɗansa da ruwa, ɗan ya tsorata jika, shi ya sa har yau ruwa ya fi cin yaran baƙaƙen Amurka fiye da na farare, kuma sai a 2016 a Riyo aka sami baƙar mace 'yar Amurka, Simone Manuel, da ta ci zinare a tseren ninkayar Olamfik wanda ba na tawaga ba. Mu a Legas babu dokar da ta hana mu, kuɗi ne ya tsaya a matsayin dokar. Wuraren ninkaya suna nan birjik a otel-otel da kulob-kulob da rukunin gidajen masu hali na Ikoyi da Lekki. Na taɓa kai 'ya'yana uku wani otel domin in koya musu, kuɗin shigar da aka yanka mini na yini guda ya kai abin da muke cefane da shi na kwanaki, ban sake komawa ba.

Tarihin gasar ma, idan aka duba shi da kyau, tarihin samun wuri ne. A wasannin Olamfik na farko na wannan zamani, a Girka a 1896, cikin teku aka yi ninkaya, a wani lungun ruwa kusa da tashar jiragen Piraeus, ga sanyi ga igiya. Wanda ya ci tseren mita 100 da na mita 1,200 wani saurayi ne ɗan Hangari mai shekara 18, Alfréd Hajós, kuma abin da ya sa ya koyi iyo shi ne mahaifinsa ya nutse a kogin Danube yana ɗan shekara 13. Da ya girma ya zama mai zanen gine-gine, shi ya zana babban wurin ninkaya na Budafes da aka buɗe a 1930, wanda har yau yake ɗauke da sunansa. A 1900 a cikin kogin Seine na Faris aka yi gasar, a 1908 a Landan aka haƙa kwami mai mita 100 a tsakiyar filin wasa, a shekarar kuma aka kafa hukumar ninkaya ta duniya, FINA, wadda ta koma World Aquatics a 2022. Sai a 1924 a Faris aka fara gasar a kwami mai mita 50 da aka raba layi-layi, irin wanda aka sani a yau. Daga nan ne lissafi ya daidaita har ake iya gwada gwanin wata ƙasa da na wata, har aka kai ga Amurkawa biyu, Mark Spitz mai zinare 7 a 1972, da Michael Phelps mai zinare 8 a 2008 da 23 a jimlace.

Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na Eric Moussambani ɗan Ikwatoriyal Gini a Sidni a 2000. Bai taɓa ganin kwami mai mita 50 ba kafin ya isa can, a ɗan ƙaramin kwamin otel ya koyi abin da ya koya cikin 'yan watanni. Abokan tserensa biyu, ɗaya ɗan Jamhuriyar Nijar ɗaya ɗan Tajikistan, an fitar da su saboda sun riga alamar tashi, ya yi mita 100 shi kaɗai cikin minti 1 da daƙiƙa 52.72, da ƙyar ya kai bango, alhali wanda ya ci zinare a shekarar ya gama cikin daƙiƙa 48.30. Duniya ta yi ta dariya da tafi, ni kuwa abin da na gani shi ne saurayi mai zuciya wanda ƙasarsa ba ta ba shi wuri ba. A gwada shi da Anthony Nesty ɗan Suriname, baƙin mutum da ya sami horo a Fulorida, ya doke gwanin Amurka Matt Biondi da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa a Seoul a 1988. A gwada shi da Oussama Mellouli na Tunisiya mai zinare a 2008 da 2012, da Ahmed Hafnaoui, shi ma ɗan Tunisiya, wanda ya ci mita 400 a Tokiyo yana ɗan shekara 18 daga layi na takwas, layin da ake ba wanda ya shigo zagayen ƙarshe a baya, da gwanar ninkaya Kirsty Coventry ta Zimbabuwe wadda aka zaɓa shugabar kwamitin Olamfik na duniya a 2025. Najeriya, mai kogin Kwara da Binuwai da dogon bakin teku, ba ta taɓa cin lambar ninkaya a Olamfik ba. Mun gina kwami mai girman na Olamfik a babban filin wasa na Surulere, inda aka yi wasannin Afirka karo na biyu a 1973, amma kwami guda ko biyu na gasa ba sa haifar da gwanaye idan babu ƙananan wurare a unguwanni inda dubban yara za su fara, a tsinci goma daga cikinsu.

Ni dai ba lambar zinare ce ke hana ni barci ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci mutum kusan 300,000 a 2021, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, yara da matasa kuma su ne kan gaba, shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli domin yaƙi da nutsewa. Mu ba mu manta da jirgin da ya kife kusa da Wara a ƙasarmu ta Yawuri a watan Mayun 2021 da mutum fiye da 150 a ciki ba, ko 'yan makarantar Islamiyyar da suka nutse a Ɓagwai a ƙarshen shekarar a hanyarsu ta zuwa Mauludi, ko 'yan bikin da suka halaka a Patigi a 2023, su fiye da ɗari. Na san iyo kaɗai ba zai ceci kowa a irin waɗannan haɗurra ba. Lodin wuce kima da tafiyar dare da rashin rigar ceto su ne manyan masu laifi. Amma wanda ya saba da ruwa ba ya ruɗewa, ya san yadda zai kwanta rigingine ya huta har agaji ya zo, ba ya ƙanƙame na kusa da shi su tafi tare, domin Bahaushe ya ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Haka kuma igiyar da ta ja ɗan maƙwabcina tana da magani da kowane ɗan bakin kogi ya sani: ba a dambe da ruwa. Idan ya ja ka ciki, sai ka bi gefe, ka yanka shi a karkace har ka fita daga hanyarsa, sannan ka nufi gaɓa. Wannan ilimin mako kaɗan ne, kuma ga shi yanzu mutanenmu da yawa suna hawa jirgin ruwa kullum tsakanin Ikorodu da Apapa da tsibirin Legas domin guje wa cunkoson mota.

Abin da nake roƙon gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi shi ne su daina tunanin sai an yi katafaren gini. Wurin koyo ba ya buƙatar mita 50. Mita 25 ko ƙasa da haka ya isa, da zurfin da yaro zai tsaya ƙafarsa a ƙasa. A Bangaladash, inda ruwa ke cin yara ƙwarai, da gora suke kafa shinge da dandamali a cikin tafkunan ƙauye su koya wa yara iyo, kuma abin ya yi aiki. Wahalar kwami tana wajen kula da shi, domin dole injin ya riƙa juya ruwan ta cikin matatar yashi, a riƙa zuba sinadarin kulorin daidai gwargwado, in kuwa wuta ta ɗauke aka bar shi kwanaki kaɗan sai ya koma kore kamar kududdufi. Saboda haka duk wanda zai gina, ya fara ware kuɗin wutar sola da albashin mai kula da ruwa da na mai ceto kafin ya sayi bulo. Wuraren da gwamnati ke da su a filayen wasa kuma a ware wa makarantun gwamnati da na Islamiyya sa'o'i a mako, kyauta ko da rangwame.

Sauran maganar tamu ce, mu Hausawan Legas, musamman sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Obalende da sauran unguwanni, da limamai, da shugabannin kasuwanni. Na san abin da ke hana iyaye da yawa sakin jiki shi ne cuɗanyar maza da mata da irin tufafin da ake sawa, kuma damuwa ce mai hujja. Sai dai ba a kanmu aka fara ba. Gidajen wankan Ingila na farko ranaku daban ko ɓangare daban suke ware wa mata, kuma Fanny Durack ta Ostareliya, mace ta farko da ta ci zinaren ninkaya a Olamfik a 1912, sai da aka kai ruwa rana kafin a bar ta ta tafi, domin ƙungiyarsu ta hana mata yin gasa a gaban maza. Yau akwai rigar iyo mai rufe jiki duka, kuma babu abin da zai hana mu yi yarjejeniya da masu wuri a ware wa mata ranarsu, da mace mai koyarwa da mace mai ceto, a rufe ƙofa. A haɗarin jirgi mata da yara ne suka fi mutuwa, don haka barin 'ya'ya mata a baya zalunci ne da muke yi musu da sunan kare su.

A cikinmu akwai Sarkawa da Kabawa da Nufawa da mutanen bakin tafkin Chadi da suke dako da gadi da sayar da kaya a wannan gari, waɗanda suka fi kifi sanin ruwa, babu wanda ya taɓa tambayarsu su koyar. Idan ƙungiyoyinmu suka haɗa kuɗin hayar wuri na safiyar Asabar, aka tura mutum biyar ko shida daga cikin waɗannan suka sami horon ceto da taimakon gaggawa, za a iya farawa kafin babbar sallah mai zuwa. Ni na yi alkawarin ba da safiyar Asabar ɗina kyauta, na kuma riga na rubuta sunayen yara 14 a layinmu da iyayensu suka amince, cikinsu har da ƙannen marigayi ɗan maƙwabcina guda biyu, waɗanda mahaifinsu ya kawo mini su da kansa. Duk mai wuri ko mai hali da ke son a yi wannan aiki tare, ina roƙon ya tuntuɓe ni ta hannun wannan jarida.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba iyayensu haƙuri.

Naka,
Wani malamin makaranta,
Agege, Legas.